Mai Rubuta Sunayen 'Yan Kaso

Wasila ba ta san sunansa ba, ba ta kuma so ta sani. An ce daga Yamai aka turo shi Damagaram ya rubuta sunayen 'yan ƙasa da ke kaso, wato kurkuku, a Libiya, don jakada ya tsaya musu a shari'a. Mijinta na cikinsu, shi ya sa ta zo ta shiga layi.

Ga shi zaune a biro, wato ofis, wuya ya cika kwalar riga, turarensa ya fi gaisuwarsa yawa. Da gani bai taɓa jiran kowa a bakin ƙofa ba.

Wata tsohuwa daga ƙauyen Durum tana durƙushe gabansa.

"Iya, sunan ɗan naki?"

"Yaron nan dai, yallaɓai. Ɗan fari ne."

Kowa a layin ya san uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Shi ma Bahaushe ne, ya sani. Maimakon ya nemi wanda ya rako ta, tsaki yake ja, idonsa na kan waya.

"Babu suna, babu dosiye, ba zan buɗe masa takarda ba. Na gaba!"

Wasila tana harararsa. Wannan kam, in ji ta a ranta, in uwarsa ba ta kiran sunansa, ba kunya ce ta hana ta ba.