Saude Mai Cewa Kada a Sassauta

A ƙauyenmu, can bayan Tsarnawa, kowace uwa in ta ga ɗan kabu-kabu sai ta ce masa ya tafi sannu. Ban da Saude. Tana zaune bakin ƙorama da ƙwaryar furarta, duk wanda ya nufo yashin nan a kan babur sai ta miƙe, kallabi na zamewa, ta ɗaga murya: "Kak ka sassauta, ɗana! Kak ka sassauta!" Yara har sun maida abin waƙa. Ni ba na dariya, don danga ɗaya ce tsakanin gidana da nata, kuma danga ba ta riƙe magana.

Mijinta ya tafi cin rani kurmi tun da daɗewa, shiru kake ji. Da fura ta reni 'ya'yanta biyu. Tanimun, babban, ba ka jin bakinsa sai ka tambaye shi. Hamani kuwa ɗan firit ne, ga surutu kamar an kunna rediyo.

Shekarar da fara ta cinye gero, muka shiga 2005 rumbuna wayam, har muka koma jiƙa anza mai ɗaci muna ci. A lokacin ne wani ɗan kasuwa ya zo daga Ƙonni da babura. Ba zan kama sunansa ba, bakina ya fi ƙarfinsa. Sana'arsa ruwa-ruwa ce, wato man fetur da ake tsallako da shi daga Najeriya ta hanyar daji. Manya duk sun fita neman abinci, sai ya ɗebi samari waɗanda ko gemu ba su fara ba. Ladan kowace tafiya tiyar gero.

Samarin sun fi baburan yawa, shi ya sa ya kafa doka: duk wanda ya iso ƙarshe, ya sauka ya miƙa wa wani. Gidansu kuma ya koma wa anza. Shi da abokansa sukan shimfiɗa tabarma ƙarƙashin gawo a ƙetaren ƙorama, suna cin goro, suna musun wanda zai zo na baya. Na tsani dariyar nan har yau.

Jarkoki ake jibga wa babur hagu da dama, ta saman kuma a ɗaure ta da roba a ƙugun yaron don kada kaya su yi lilo. Ko ya so dira, ba hali. Wurin da kowa ke tsoro shi ne yashin ƙoramarmu. Da kaya irin wannan, sai ka shige shi da wuta ka fita da wuta. In ka sassauta, ƙafar gaba ta nutse, ka kife. Yaran sun san haka. Mu mata ba mu sani ba, wa ya taɓa gaya mana? Kafin damina ta faɗi an riga an binne yaro ɗaya daga Dogarawa, aka ce mana tsautsayi ne.

'Ya'yan Saude duka biyu suna ciki. Tun suna nesa takan gane kukan babur ɗin kowannensu: na Tanimun mai kauri ne, na Hamani yana da 'yar tari. Hamani ba shi da nauyin danne kaya, kullum da ƙyar yake tsira daga zama na ƙarshe. Wata safiya ina shanya ta bayan danga na ji Saude ta ja Tanimun gefe.

"In anka amshe moton ƙanenka, zuciya za ta kashe shi," in ji ta. "Kai babba na. Kak ka bari shi zam na baya."

"To, Inna," ya ce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Da rana ta take muka jiyo su. Sauran duk sun ƙetare, saura biyu, mai kauri a gaba, mai tari a baya. Saude na tsaye bakin danga. Suna shiga yashi, sai kukan mai kaurin ya yi ƙasa, a hankali, kamar mutum ya matsa wa wani a kan tabarma. Mai tarin ya wuce. Sai muka ji faɗuwa, sannan wata ƙara da ba na son tunawa. Mai ya zuba a kan ƙarfe mai zafi, roba kuma na ɗaure a ƙugun Tanimun. Nan wuta ta cinye shi.

Ɗan kasuwar ya naɗe tabarmarsa, ya koma wata hanya da sauran baburan. Wurin da abin ya faru ya daɗe baƙi. Ruwa ya zo ya wanke, amma har yanzu masu jakai kauce masa suke yi.

Hamani bai sake hawa babur ba, surutun ma ya ƙare. Noma yake yi, ko kasuwar Ƙonni da ƙafa yake zuwa. Bayan 'yan shekaru, ranar sunan ɗansa na fari, wanda ya sa wa suna Tanimun, ya zo ya tsuguna gaban ƙwaryar uwarsa. Ina wurin, na zo sayen fura.

"Inna, ke da kin san kukan kowane moto," ya ce, "mi kinka ji ranan? Ni na wuce shi da ƙarhina, ko shi yab ba ni hanya?"

Saude ta ci gaba da dama fura, ba ta ɗago ba.

"Ban ji komi ba, ɗana. Daka nike yi."

Ya ɗan jima a tsugune, sannan ya tashi ya tafi wajen baƙinsa. Na dubi Saude, ta dube ni. A ranar da take faɗa, taɓaryarta na jingine a dangata, ba ko ƙwayar da za a daka a gidan sai abin da yaran za su kawo.

Can sai ga wani babur ya nufo yashi, yaro ƙarami a kai. Ta saki ludayin cikin fura ta miƙe.