Azurfar da na ce gadon kakata ce

Ni dillaliya ce a Nguru, shekara da shekaru. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, amma babu gidan da ake hana ni shiga. Zannuwa, turaren wuta, kwanukan jere, duk na ɗauka. Abin da aka fi sanina da shi shi ne liyari, tsohon kuɗin azurfa mai hoton wata mace mai ƙiba, wanda Barebari ke kira gursu. A cikinsa matan ƙasarmu ke ajiye guminsu. In na ɗora shi a kan yatsa na ƙwanƙwasa, daga amonsa nake sanin na gaske. In na ce azurfa ce, magana ta ƙare.

Wannan yardar ce na sayar.

Wani maƙerin fari a bayan tashar jirgi ya fara nuna mini guda ɗaya da ya zuba da kansa: tagulla a ciki, wankin azurfa a waje. Ya ce in cusa shi cikin masu kyau, ba mai ganewa. Na zage shi tas, amma ban jefar ba. Kwana uku yana ƙulle a bakin zanena, rana ta huɗu na sayar. Ba wanda ya yi magana. Daga ɗaya sai biyu, daga Nguru sai Gashua ranar kasuwa, inda ƙauyawa suka fi yawa.

Ana nan sai alhazai suka fara dawowa da wata sabuwar azurfa mai ƙyalli. Wannan ba kamar liyari take ba, da fuskarsa ɗaya tun kakanni. Masu buga ta sukan sauya zanen, su sa layuka sirara kamar gashi, da wata alama da ido ba ya gani sai da gilashi, duk don maganin masu jabu irinmu. Maƙerin ya samu guda biyu ya yi musu mazubi. Ni kuma na san tsofaffi ba sa yarda da abu sabo, sai in turara su da hayaƙi, in goge da toka da man gyaɗa har su dushe, in ce gadon kakata ne, fatauci ya kawo mata daga gabas.

Akwai wata mata a Dagona, Inna Hauwa, Babadiya ce a ƙabila, mijinta ya rasu, shinkafa take nomawa a fadama. Kowace kaka in ta sayar da amfani sai ta karɓi azurfa a hannuna ta binne a tukunya, tana tarin kujerar Makka. Da "Yaya" take kirana. In na je, kifi take gasa mini, ta shimfiɗa mini tabarmarta. Ranar da na kai mata sababbin nan ta ɗan juya su, ta ce ba ta saba ganin irinsu ba. Na dafa Alƙur'anin da ke rataye a ɗakinta na rantse gadon kakata ne. Ta ce in yi haƙuri, ba zargina take ba.

Shekarar da ta ga tarin ya isa, ta kai wa wani Alhaji Bakano mai sayen zinariya da azurfa a Gashua. Ya aiko a kira ni. Na je da ƙarfin hali, na tarar da ita zaune a ƙasa, azurfar a baje kan ɗankwali.

Ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce, "Baba, kakar taki yaushe ta rasu?"

Na ce tun zamanin Turawa.

Ya ɗauki guda ya nuna mini wasu 'yan zane-zane huɗu a gindin hoton. Ni duk tsawon lokacin nan ado na ɗauke su. Ya ce lamba ce, shekarar da aka buga kuɗin, kuma bara waccan ce. Ya juya bayan, ya ce wannan zanen na wata shekarar ne daban, maƙerin ya haɗa fuskar wannan da bayan wancan. Ya sa gilashi ya ce in leƙa: layukan nan sirara duk sun narke sun cuɗe. Da ya goga a dutse, ja ya fito. Aka bi liyarin ma ɗaya bayan ɗaya, masu kyau ba su cika tafin hannu ba.

Inna Hauwa ba ta yi kuka ba. Ta dube ni kawai ta ce, "Yaya, har na yi sallama da mutanen garinmu."

Kotu ta ɗaure ni, maƙerin kuwa ya tsallaka iyaka. A gidan yari ba yunwa ta fi damuna ba, lokacin aikin Hajji ne. In na ji ana kabbarar Sallar layya daga bayan katanga, sai in ture kwanon abincina gefe.

Da aka sake ni, ban fara zuwa gidana ba. Na hau akori-kura zuwa Dagona. Na same ta ƙafafu sun riƙe, gonar tana hannun wasu, Makka kuwa ba a ƙara zancenta ba. Na durƙusa. Ta sa aka ba ni ruwa. Ta ce, "Tsakanina da ke na yafe. Amma littafin da kika dafa ba nawa ba ne, sai ki nemi Mai shi."

Har yau nemansa nake.

Ku yara, ku buɗe kunne. Ban zama ɓarauniya ranar da aka kama ni ba, na zama ne ranar da na ƙulle guda ɗayan nan a zanena ina cewa zan yi tunani. In an miƙo muku irinsa, kada ku kai shi gida, ku ajiye shi nan inda aka ba ku ku tashi. Ni an buɗe mini ƙofa na fito, an kuma ce an yafe mini. Amma Inna Hauwa a Dagona aka binne ta, ba ta ga Ka'aba ba, kuma ni na hana ta.