Tsarabar da Ta Kusa Rufe Ɗakin Haihuwa

Madina zuwa Jidda

Ko kiran assalatu ba a yi ba ɗana Abdul'aziz ya tsaya a ƙofar gidanmu na unguwar Ƙurban yana danna oda. Kun san ni, matan unguwa, ko masallacin Ƙuba ba na zuwa sai da dalili, balle Chadi da rabona da ita tun ina goyon fari. Amma Kaltume, 'yar marigayiya ƙanwata, cikinta ya tsufa, kuma biyu ta rasa a baya, duka a hanyar asibiti, tun tana zaune a ƙauye. Ba ta da uwa sai ni.

Akwati uku na ɗauka: ɗaya kayana, biyu tsaraba, wato abayoyin da kuka tara mini, da turaren wuta, da dabino. Ina yi wa Abdul'aziz nasiha da Hausa yana amsawa da Larabci har filin jirgin Jidda. Ya ce in kaya sun yi nauyi a sikeli in bar dabinon. Na ce gara in bar shi.

Injamena

Muka yada zango a Habasha, muka yini a kan kujerar ƙarfe, muka sauka Injamena da magariba. Ɗan kwastan ya buɗe akwati, ya ji daga Madina nake, sai ya cire hula ya ce in yi masa addu'a. Na yi. Ya shafa, ya zari abaya ɗaya ya ce ta albarka ce. Na kwana gidan dangin mijin Kaltume, suka ba ni tuwon dawa da miyar kuɓewa, na ci har na ji kunya.

Hanyar kudu

Bas ɗin ƙarfe shida ya tashi ƙarfe tara, jaka goma sha biyu na sefa zuwa Mundu. Duk shingen da muka isa direba ya leƙa ya ce yana ɗauke da Hajiya daga Madina, soja ya miƙo hannu, ni kuma in zuba dabino. Na tambayi direban ko shi ma yana ba su wani abu. Ya ce yau dai Allah ya hutar da shi. Daga Mundu a-kori-kura muka hau, jar hanya mai ramuka, har garin su Kaltume da ke dab da iyakar Afirka ta Tsakiya. Yawancin Hausawan garin daga can suka gudo lokacin rikici.

Madam Birjit

Gidan Kaltume jikin ƙaramin asibitin coci yake, ɗakin haihuwa ɗaya da ɗakin magani. Mai riƙe da shi wata Baturiya ce unguwarzoma, Madam Birjit, doguwa, busasshiya, shekararta tara a garin. Larabcin Chadi take yi kamar 'yar kasuwa, don haka muka fahimci juna.

Na zauna ina kallon rayuwarta ta kan katanga. Da sassafe ta hau rufi ta goge sola da tsumma. Ta sauko ta dama wani abu kamar koko ba sukari, ta rufe ido ta yi addu'a mai tsawo a kansa, na ce ai wannan abinci yana buƙatar addu'a. Ta auna masu ciki har azahar, tana faɗa da mazan da suka sayar da gidan sauro. Ta hau babur zuwa ƙauyuka da akwatin allura a baya. Da la'asar ta hau tankin ruwa, don can kaɗai ake samun sabis, ta tura hotuna ƙasarsu. Riga uku gare ta, na atamfa ɗaya. Ba miji, ba ɗa, zazzaɓi kuma ya san ɗakinta. Matan unguwa sun raba kwana, kullum gida ɗaya ke aika mata tuwo, suna cewa a taimaki baiwar Allah. Ita kuma tana rubuta wa mutanenta cewa tana ciyar da su.

Ranar Lahadi

Ranar Asabar na raba abayoyi. Lahadi mata suka shirya mini walima a harabar asibitin, ƙarƙashin mangwaro. Kowa ta saka tata, turare ya tashi, ka ce bikin unguwar Aziziyya ne. Iya Gambo, tsohuwar da ke shugabantar matan, ita ta zaɓi mai duwatsu a wuya.

Muna cikin cin shinkafa Madam ta fito da kwamfuta ta ɗora a kan benci. Ashe ranar ce dattawan cocinsu za su leƙo asibitin ta allo, su yanke ko za su ci gaba da biya ko a rufe. Da gangan ta ɓoye wa matan ranar.

Iya Gambo ta ajiye cokali ta ce kowa ta ruga gida ta ɗauro zanen tarbar baƙi. Na tambayi Kaltume mene ne haka. Ta raɗa mini cewa kowace mace a garin tana da yagaggen zane a ƙasan akwati, ba a ɗaura shi sai masu agaji za su zo.

"Ƙungiya huɗu muka tarba da zanen nan, Hajiya," in ji Iya Gambo, "ba wadda ta tafi ba ta bar mana wani abu ba. Ke kuma kin zo kin mai da mu matan gwamna."

Madam ta tare ƙofar harabar da dogayen hannuwanta. Ta ce ta gaji da ɗaukar hoton tsumma, in za a rufe a rufe a kan gaskiya.

"Gaskiyar ce za ta karɓi haihuwar Kaltume?" in ji Iya Gambo.

Kafin Madam ta amsa allo ya kawo. Tsofaffi shida ne a wani ɗaki mai faɗi, kowa cikin ƙatuwar rigar sanyi da hula. Suka ƙura mana ido, muka ƙura musu. Wani mai sanƙo ya yi magana, Madam ta fassara ba ta rage komai ba: ya ce matan nan sun fi matarsa sutura, anya har yanzu akwai buƙata?

Na tura fuskata jikin allon ina rantsuwa da Hausa da Larabci cewa sadaka ce, kwance ne, ba wadda aka saya sabuwa. Ku yafe mini, amma kun san ba ƙarya na yi ba. Ke Hajiya Rabi, taki har da ƙunar guga a hannu. Madam ta fassara, tsofaffin ba su motsa ba.

Sai Kaltume ta dafa benci ta miƙe da ƙyar.

"Madam, faɗa musu na fari a bayan a-kori-kura na haife shi, ba rai. Na biyu a bakin kogi, muna jiran ruwa ya janye. Wannan a ɗakin can nake so in haife shi. Rigar, in suna so, su karɓa."

Can cikin allon wata tsohuwa mai tabarau ta yi magana a hankali. Ta ce kada mu ga kamar rowa ce. Su shidan nan da wasu kaɗan su ne suka rage a cocin. Gurasa mai zaƙi take gasawa tana sayarwa a bakin ƙofa ranar Lahadi, kuma tun shigowar sanyi suka kashe na'urar ɗumama ɗakin don kuɗin ya kai, shi ya sa muka gan su a duƙunƙune.

Iya Gambo ta matso ta leƙa sosai. Ta tambayi Madam ko masu kuɗin suna baya ne ba su ƙaraso ba. Madam ta ce su ke nan. Iya Gambo ta koma ta zauna, ta ce mini ƙasa-ƙasa, barguna uku na agaji ne a ɗakinta, ko warware su ba ta taɓa yi ba saboda zafi.

Suka yi shawara da yarensu muna kallo. Ƙarshe mai sanƙon ya ce za su iya shekara ɗaya, in Madam ta haƙura da kuɗin jirgin zuwa hutu gida. Bai rufe baki ba ta ce ta haƙura. Ta rufe kwamfutar, ta zauna a tabarma ta jawo farantina ta cinye shinkafar, ko addu'ar ba ta yi ba.

Haihuwa

Sati bai zagayo ba naƙuda ta zo da hantsi. Yarinyar ta zo a juye, da ƙafa. Ina riƙe da kan Kaltume ina karanta duk abin da na haddace, Madam tana nata aikin tana nata addu'ar, gumi na ɗiga daga hancinta. Da yarinyar ta tsala kuka ban san sanda na rungume Baturiyar nan ba, ashe duk ƙashi ce. Ranar suna Iya Gambo ta kawo shawarar a sa Birjit, liman ya yi tari. Aka sa Hauwa, sunan ƙanwata, amma unguwa duk Madam ƙarama suke cewa.

Dawowa

Da akwati ɗaya na dawo, shingayen kuma direba ya biya da aljihunsa. Abdul'aziz ya ɗauko ni a Jidda, muka shigo Madina ana kiran la'asar. Na shiga ɗaki na miƙa hannu zan kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, sai tsofaffin nan suka faɗo mini a rai. Na dai kunna, don zafin garin nan ba wasa ba ne, amma sanyin bai yi mini daɗi ba.

Shekara ɗaya ba ta da tsawo, kuma mu ne maƙwabtan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ranar Alhamis bayan la'asar ku zo gidana, zan dafa shayi, akwai magana a kan ɗakin haihuwar nan.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya sauki Kaltume lafiya. Na gode muku da tsaraba da addu'a. Na gode wa Madam Birjit, da tsohuwa mai tabarau da ban san sunanta ba. Allah ya kawo mata masu sayen gurasa.