Kawu Ummaru Mai Lasar Dutse

Ƙarfe huɗu da rabi na yammacin Asabar muna zauren marigayi Kawu Ummaru a Lambara: ni ɗan ƙanwarsa, da matarsa Inna Hajo, da ɗansa Bello. Bello ya ce duwatsun da suka cika ɗakin tsohon farfasa su za a yi a zuba a tushen shago. Na ce a dakata. Zan kawo dalilaina bi da bi.

Na farko, halinsa. Kun sani Kawu ba ya wuce dutse bai lasa ba. Haƙa rijiya ce sana'arsa, amma yana saurayi ya yi wa wasu Amerikawa masu tonon ƙasusuwan dabbobin zamanin da jagora. Su suka koya masa cewa ƙashin da ya zama dutse yana kama harshe. Shi ke nan! Da azumi sai ya tara duwatsu a aljihu, ana kiran magariba ya kurɓi ruwa ya hau lasa. Inna Hajo ta ce, "Malam, ga hura!" Ya ce, "Hajo, hurarki ta yau ce. Wanga ya riga ta fara jira."

Na biyu, rijiyar Horo Birni. Haƙa ta yi nisa, sai aka ji shiru. Mai unguwa ya leƙa ya ce, "Ummaru, ka kai ga ruwa?"

"Ranka ya daɗe, na kai ga kada!"

Jama'a suka watse da gudu. Ashe kan kada ne da ya zama dutse. Kawu ya ajiye diga, ya aika a kawo masa cokali da tsintsiya. Mata na tsaye da tuluna. Mai unguwa ya ce, "Fasa shi ka wuce!" Kawu ya ce, "Nan teku ce a da. Mai gida na iske, ba ni fasa mishi kai." Sai ya karkata ramin ya kewaye shi, ya ciro shi daga baya a hankali. Har yau guga na dukan bango a rijiyar nan, masu ɗiba na kiran sunansa.

Na uku, gabarsa da Malam Sahabi, mahaƙin rijiya na Dingyaɗi. Kawu ya sha ba mu labarin wasu masana biyu na Amerika. Ɗaya ya haɗa ƙasusuwan wata dabbar ruwa, ya ɗora kan a wutsiya, ɗayan ya tona masa asiri. Gaba ta yi tsanani har ana farfasa ƙashi a rami don kada abokin gaba ya samu. Yakan ce, "Ga ilimi, babu hankali!" Amma shi ma ɓoye wa Sahabi wuraren tononsa yake yi. Don ya kunyata shi, sai Sahabi ya binne wani muƙamuƙi a laka inda Kawu zai gani. Kawu ya tono, ya lasa, ya naɗe a rawani ya kai kasuwa yana nunawa. Sahabi ya ce, "Malam Ummaru, jakina ne hwa, da ya mutu bara!" Kawu bai ko ƙifta ido ba. Ya ce, "Na sani. Aje shi za ni yi shi tsufa."

Da ciwo ya kwantar da Kawu, kafin kowa sai ya aika a kira masa Sahabi. A gabana ya lissafa masa wuraren nan duka, ya ce, "Kada mu ƙare kamar mutanen can." Sannan ya dube ni ya ce kada guduma ta shiga ɗakinsa. Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya shayar da garuruwa.

Bello ya yarda ya jira zuwa Juma'a, ranar da magina za su fara. Shugaban makarantarmu ya ba da kusurwar aji guda a ajiye duwatsun. Don haka duk mai amalanke da ya taɓa shan ruwan rijiyar Kawu, ina roƙonsa ya zo gidan Kawu Alhamis da safe mu kwashe su, da tsofaffin buhuna na naɗi. Ba a jifa, ba a ɗora wani kan wani. Muƙamuƙin jakin ma da shi za mu tafi.