Littattafan da Suka Cika Tsabta

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya koya wa ɗan Adam riƙon alƙalami, ya kuma bar masa wautarsa don a samu abin dariya.

A gidan malamai na tashi, a wani gari da ke tsakanin Tasawa da Maijirgi. Ajami na iya, da shi nake rubutuna har yau. Boko kuwa da ƙyar nake haɗa baƙaƙensa, Faransanci sai gaisuwa. A gidanmu ba a aje littafi a ƙasa, ba a tsallake shi, ba a ɗaukarsa da hannun da ya taɓa miya. Littattafan mahaifina cikin gafaka suke, rataye a bango, sai an yi alwala ake sauko da su. Ban taɓa jin an ce akwai littafin da wannan hukunci bai hau kansa ba.

Wata shekara, bayan an gama yankan gero, aka kawo wa garinmu kwalaye cike da littattafai, na Faransanci da na Hausar boko, da almuwar ta ƙarfe mai ƙofa biyu da za a jera su a ciki. Aka ware ɗaki guda a gefen lakwal, wato makarantar boko, aka ce ɗakin karatu ne na kowa da kowa. Wanda ya yi ta kai da kawo har abin ya samu shi ne malamin ƴan babban aji, wanda muke kira mushe, saurayi siriri ɗan Tasawa, mai saurin magana. Magajin gari ya ce sai an kafa kwamitin dattawa da zai sa ido, ya kuma tace littattafan da za a ba ƴan lakwal. Aka saka ni, wai ni ne na san darajar takarda. Aka saka ardon Fulanin da ke zaune gabas da gari, da shugabar mata. Shugabancin kwamiti kuma ya faɗa hannun taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, Alhaji ne mai awon hatsi a kasuwa. Bai san baƙi ko ɗaya ba, na ajami ko na boko, amma ba a taɓa ba shi ajiya ta yi ciwon kai ba.

Ranar tacewa muka shimfiɗa tabarmi, muka ɗora littattafan a kan zane fari. Tun da yawancinmu ba ma karantawa, da hotuna muka yi hukunci. Alhaji ya fara buɗe wani, ya yi salati, ya rufe.

"Mushe, mene ne wannan?"

"Tatsuniya ce, Alhaji. Ta yara."

"Alade ne fa. Alade da wando, yana gina ɗaki. Ni da ke da iyali ban gama ginin nawa ba."

Aka aje shi gefe. Ardo ya daɗe yana kallon wani littafi na kiwo, sannan ya tura shi da yatsa ɗaya. Ya ce saniyar da ke ciki ba ta da ƙaho, ba ta da tozo, ga ta dabbare-dabbare kamar an watsa mata toka, in yara suka tashi da ganin wannan za su raina shanun ubanninsu. Shi ma aka aje shi gefe. Shugabar mata ta ƙi wani saboda matar da ke bangonsa ta fito kai babu ɗankwali. Ni kuma na ƙi wani don an zana rana da ido da baki tana murmushi. Kafin la'asar, tsibin da aka ƙi ya fi wanda aka yarda da shi tsawo. Mushe yana zaune ya dafe kai.

"Baba," ya ce da ni, "in aka ci gaba haka, littafin lissafi kaɗai zai tsira."

"Shi ma ban gama duba shi ba," in ji Alhaji.

Ƴan kaɗan ɗin da suka tsallake, mushe ya ba yara aro su tafi da su gida. Da suka dawo, ɗaya yana da tambarin man gyaɗa a tsakiya, ɗaya kuma akuya ta ɗanɗana gefensa. Alhaji ya ɗaga mai cizon akuyar ya zagaya da shi majalisa kamar an kawo gawa. Daga ranar aka hana aro. Sai a zo ɗakin a karanta, bayan an wanke hannu da sabulu a gaban mai gadi. Da aka ga yara suna lasar yatsa kafin su juya shafi, aka mayar da buɗe ɗakin ranar Alhamis kaɗai. Da aka ga Alhamis ranar cin wata kasuwa ce da Alhaji ba ya fashinta, mabuɗi kuma yana aljihunsa, sai ɗakin ya zauna a rufe. Muka sa baduku ya ɗinka wa manyan littattafan riga ta fata. Muka zuba ganyen bedi, wato dogon yaro, a cikin almuwar saboda gara. Lokaci lokaci mukan buɗe, mu kakkaɓe, mu yaba, mu rufe. Ina faɗa da gaskiya, ko a gidan mahaifina ban ga takarda ta samu gata irin wannan ba.

Ana nan, wajen ƙarshen rani, sai ga mota ta tsaya a ƙofar lakwal. Wata mata ce ta fito, mai matsakaicin shekaru, da tabarau, daga ofishin da ke duba ɗakunan karatu na yankinmu. Alhaji ya sa babbar riga. Ya buɗe almuwar da kansa, ya ja da baya don ta gani da kyau.

"Madam, ga amanarku. Yadda kuka kawo, haka take. Har ma ta ƙara kyau."

Ta zaro ɗaya ta buɗe. Littafin ya yi ƙara irin ta sabon takalmi. Ta zaro wani, shafukansa suna manne da juna tun daga inda aka buga shi. Ta sunsuna, ta dubi mushe, mushe ya dubi ƙasa.

"Baba Alhaji, wa ya karanta waɗannan?"

"Babu wanda ya isa!"

Ta cire tabarau ta goge. Cikin ladabi ta yi mana bayani cewa ita ba ajiya aka aiko ta dubawa ba. Littafin da ya tsufa a hannun mutane shi take nema. Ta ce mutanen garin da ke arewa da mu, ta hanyar Mayahi, sun daɗe suna roƙon a ba su ɗakin karatu. Za ta dawo bayan an yi shuka. In ta tarar da littattafan nan da tsabtarsu, za a kwashe su da almuwar ɗin a kai can.

Ya kamata in faɗa cewa tsakaninmu da mutanen garin nan akwai tsohuwar gasa. Sun riga mu samun famfo, mun riga su samun lakwal, kuma har yau ba a gama gardamar wanda kokawarsa ta fi ba. A ce amalankensu ya shigo garinmu da rana tsaka ya ɗauki almuwar daga hannun Alhaji, wannan ba abin da zai iya shiga kasuwa bayansa ba ne.

Da motar ta tafi, ya zauna a bakin ɗakin ya cire hula.

"Kai bawana," ya ce da ni, irin kiran da taubasai ke yi wa juna, "a cikin littattafanku na malamai, ka taɓa ganin inda aka hukunta mutum don ya riƙe amana?"

"Ban gani ba. Amma ban taɓa ganin inda aka ba jahili mabuɗin ɗakin karatu ba, sai a kanka."

Washegari ya kira ni rumfarsa, ya rage murya. Ya riga ya yi dabara. Za a kwaso littattafan, a murza su da rairayi, a ɗiɗɗiga musu shayi, a lanƙwasa kusurwoyi, a shanya su a rana. Ya ce buhu ma in ana so ya yi kamar ya sha hanya, an san yadda ake yi masa.

Na ce masa wannan algus ne, daidai yake da zuba tsakuwa a ƙasan tiyar awon hatsi, kuma ba da ni ba. Ya ce ai ba sayarwa za mu yi ba. Na ce yaudara ba sai da ciniki ba. Muka daɗe muna ja, har mai shayi ya sa baki. Daga ƙarshe ya buga cinya.

"To malam, faɗa mini hanyar halal da ake tsufar da littafi."

"Guda ce. A karanta shi."

"Duka?"

"Duka."

"Har mai aladen?"

Ban shirya wa wannan ba. Na ce alade cinsa aka hana, ban ga inda aka hana kallonsa da wando ba.

Alhaji mutum ne da in ya juya, da dukan jikinsa yake juyawa. Ya ɗaura wa jakinsa amalanke, ya loda littattafan, ya sa mushe a gaba yana faɗin abin da kowanne ya ƙunsa, suka bi gari gida gida. Ba roƙo yake yi ba. Sai ya yi sallama, ya miƙa wa mai gida littafi, ya ce, "Kana da ɗan lakwal? To ya karanta maka. In na dawo zan tambaye ka abin da ke ciki." Wani ya ce shi aikin gyaran gona ya sha masa kai, Alhaji ya ce ai da rana tsaka ba a sassabe, a karanta a gindin gawo. Mai tsire ya karɓi nasa da murnar da ta ba Alhaji tsoro, sai da aka sa shi ya rantse ba zai naɗe nama da shi ba.

Cikin ƴan makonni garin ya canza. Ka bi ta ƙofar gida ka ji yarinya tana karanta Faransanci da ƙarfi, tana juyawa da Hausa, kakarta tana surfe tana gyara wa mutanen cikin labarin hali. Shugabar mata ta ɗauki littafin matar nan mara ɗankwali, ashe na kiwon kaji ne. Ta zana mata ɗankwali da bik, wato biro, ta tara mata suna saurare. Ardo ya tafi ruga da littafin saniyar don a yi mata dariya. Ya dawo da shi yana warin hayaƙi da nono, ya ja mushe gefe yana tambaya ko gaskiya ne abin da ɗansa ya karanta game da yawan madararta, kuma a wace kasuwa ake samunta. Ni ma na ɗauki wani na Hausar boko a kan tsirrai, ina bi da yatsa a hankali, ina rubuta abin da na gane da ajami a gefen shafi, yadda muke yi wa littattafanmu. Sai da na cika gefe uku na tuna ba nawa ba ne. Na nuna wa Alhaji ina ba da haƙuri, ya ce in ƙara, wannan ma tsufa ne.

Mai aladen kuwa bai kwana biyu a gida ɗaya ba. Alhaji da kansa ya sa aka karanta masa a rumfa, ya yanke hukunci cewa dabbar ƙazama ce amma ta san gini.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya fara tsiro. Ranar da madam za ta dawo, Alhaji ya sa aka yi shela a maido da littattafai. Abin da ya dawo bai kai rabi ba, sauran masu su suka ce ba su gama ba. Da muka jera waɗanda suka samu, Alhaji ya tsaya yana kallo, idonsa ya kawo ruwa. Wani bangonsa ya rabu da jikinsa an ɗinke shi da zaren buhu. Wani ya sha ruwan sama ya kumbura. Wani yana da sawun kofin shayi, wani tuwo ya bushe a shafinsa.

"Bawana," ya ce, "in matar nan ta sa aka ɗaure mu, kai za ka fara shiga. Fatawarka ce."

Ta iso da hantsi. Ba ita kaɗai ba, don mutanen garin arewa sun ji labari tun rani, sun turo dattawa biyu da amalanken shanu, sun tsaya a inuwa suna jira. Madam ta shiga, ta ga almuwar rabi babu kowa. Ta tambayi ina sauran, mushe ya ce suna cikin gari. Ta ɗauki mai zaren buhun ta jujjuya. Ta buɗe nawa, ta ga ajami a gefe, ta tambayi wanda ya yi, na ce ni ne, ta ce in karanta mata, na karanta. Ta ga matar da aka ɗaura wa ɗankwali da bik, ta yi dariya har ta zauna a kan benci.

"Madam," in ji Alhaji, "ɓarna dai an yi ta. Ni ne shugaba, a kaina take."

"Baba Alhaji, duk yawon da na yi bana ban ga ɗakin da ya kai wannan ba. Littattafai sun zauna. Zan ma nemo muku ƙari. Abu ɗaya nake roƙo, mabuɗi ya koma hannun mushe."

Alhaji ya daɗe yana laluben aljihu, kamar mabuɗin ya yi nisa. Ya miƙa. Sannan ya gyara hula, ya fita wajen baƙin nan masu amalanke, ya gaishe su gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali da shuka da lafiyar shanu. Ya sa aka kawo musu fura. Da suka sha suka miƙe za su juya, sai ya ce su dakata, bai kamata su koma hannu wofi ba. Ya shiga ya zaɓo littafi guda, ya nemi izinin mushe a gaban kowa, ya ɗora shi a tsakiyar amalanken da aka kawo don almuwar.

"Aro ne," ya ce musu. "In kun samu mai karanta muku, ku maido ranar kasuwa."