Borghild, Wadda Ta Mayar da Ni Tsohon Hujin Bel Ɗina

Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, da hantsi, ɗanki Oddvar ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, hularsa a hannu. Bai buɗe baki ba na gane. Borghild Vik, maƙwabciyata tun muna yara a wannan tsibiri, kin riga mu gidan gaskiya. Kin tafi a kan kujerarki, kina fuskantar teku, ana tsakiyar kakar kifi.

Ni Eilif ban yi wani karatu ba, jirgin kamun kifi ne ya raine ni. Amma duk wanda aka binne a bayan cocinmu na san uwarsa da sunan jirgin ubansa. Yau labarinki zan rubuta.

Bayan rasuwar matata Ragna, burodi da kofi suka zama abincina. Ba na jin yunwa, ba na jin ƙishi, na ɗauka ai jiki ne ya ƙoshi da duniya. Na huda wa bel ɗina sabon huji, na ƙara wani. Da na faɗi a bakin matattakala, likita ta ce tsoho cikinsa ya ragu amma buƙatarsa ba ta ragu ba: kifi, ƙwai, madara, man kifi saboda watannin da ba ma ganin rana, ruwa ko babu ƙishi, gishiri kuma a rage. Na ce yarinyar da aka haifa jiya ba za ta koya mini cin abinci ba. 'Yata Turid ta ce, "Baba, in ka ci gaba da ramewa, gidan tsofaffi za ka, can birni." Wato in bar gidan da ubana ya gina da hannunsa.

Ke ba ki yi mini wa'azi ba. Kika leƙo ta taga kika ce, "Kai tsoho mai taurin kai, tunda ba ka mantuwa, yaya uwarka take dafa kifi da hantarsa da ƙwansa? Ni na manta."

Na zo na ɗanɗana, na ce kin lalata shi. Hantar ta dahu ta wuce.

"To cinye ɓarnar, gobe ka zo ka gyara mini."

Gobe kuma ƙwan ne bai dahu ba. Jibi dankalin. Kullum da kuskure guda, kullum ina cinye kwano don in tabbatar da laifinki, ga kofin madara da kike turo mini wai in wanke baki. Macen da ta yi rabin rayuwarta tana dafa wa masunta! Kada ki ɗauka ban gane ba, Borghild. Na gane tun makon farko. Na yi shiru ne don ni ma in sami dalilin zuwa.

Abin da ban sani ba, sai a makabarta Oddvar ya gaya mini: ke ma ba kya iya cin komai ke kaɗai, sai ranar da nake zaune ina kushe miki girki.

Da bazarar bara Turid ta zo, ta dube ni sama da ƙasa, ta ga bel ya koma tsohon hujinsa. Ba ta sake maganar birni ba. Daga teburin ubana nake wannan rubutu.

Jiya na dafa kifi na kai wa Torleif, wanda matarsa ta rasu kafin Kirsimeti, rigarsa har ta fara yi masa yawa. Na ce na manta yadda ake yi. Ya ɗanɗana, ya ce na lalata shi. Gobe zai zo ya gyara mini.

Allah ya jiƙanki, Borghild, ya yafe miki kurakuranki, har da waɗanda kika yi da gangan a cikin tukunya. Ya ba ki hutu mai daɗi. Oddvar, da ƙanwarka Magnhild, da 'ya'yanku, Allah ya ba ku haƙuri, ya sa ku sami mai zama da ku a teburi idan tsufa ya zo.

Abu ɗaya ne ban janye ba: gishirin girkin nan naki bai taɓa ji ba.