Kwaɗin Lallen Inna 'Yardada

A Madabo, in kana neman lalle mai kama hannu, gidan Inna 'Yardada za a nuna maka. A unguwar aka haife ta, nan ta yi aure, nan ta aurar da 'ya'yanta, kuma har yau ba ta ga abin da mutane ke nema a bayan ganuwa ba. Bishiyar lallenta guda ce tal a kusurwar tsakar gida, ruwan alwala take sha. Duk amaryar da ta fita daga gidan, da ganyenta aka yi mata ƙunshi.

Da aka cike kududdufin bayan layinsu aka gina shaguna, sai Inna ta yi baƙi: wasu 'yan mitsi-mitsin kwaɗi masu hawa reshe, ko kan babban yatsa ba su kai ba. Ta binne musu tsohon kasko a gindin bishiyar, ta cika shi da ruwa. Da damina kukansu kamar ana taɓa cokali a bakin kofi. Da rani kuwa sai su yi fari fat, su naɗe ƙafafu, su manne a ganye, ba ci ba motsi har ruwa ya sauko. Inna ta lura duk wanda aka tayar a lokacin, bushewa yake yi ya mutu. Tana son su, ba ta kuma jin kunyar faɗa.

Bikin jikarta Ikram ya faɗo ana tsakiyar zafi. Mata suka zo da faranti za su zage ganye, Inna ta tare gaban bishiyar.

"Kada wadda ta girgiza min reshe."

"Haba Inna," in ji Ikram, "saboda kwaɗi za a kai ni da farin hannu?"

"Ke kina da gidan zuwa, 'yar nema. Su fa?"

Aka yi dariya, amma abin ya tsaya wa Inna a rai. Ba ta so a ce a kan Ikram aka fara fita ba lallen gida. Ta aika Kurmi aka sayo na kasuwa, maƙwabta suka samu abin tsokana: mai lalle tana sayen lalle! Ita kuwa kullum da hantsi sai ta jawo kujera, ta ƙanƙance ido, tana tsinkar ganye ɗai-ɗai daga rassan da babu baƙo. Da ta shanya ta daka, garin bai fi cikin cokali ba.

Ranar ƙunshi aka yi wa amarya ƙafa da yatsu da na kasuwa. Inna ta kwaɓa nata, ta ɗora mata a tsakiyar tafin dama, ta ɗaure da kanta. Da aka kwance, nan ne ya fi ko'ina ja.

Ikram ta daɗe tana kallon tafinta, idonta ya ciko.

"Inna, in ya goge fa?"

"Sai ki zo gida. Kafin nan ruwa ya sauka, sun farka."